Tsagar Tamada

"Ni ce! Wallahi ni ce!"

"Ke ce wa? Kauce mini gaban kaya, kina tsare mini masu saye."

Tamada ba ta kauce ba. Ƙanwata ce, shekararta goma sha bakwai, kuma ban taɓa jin ta ɗaga murya a kasuwar Yelwa ba sai ran nan. Yatsanta na kan wata takarda da Rahamatu mai atamfa ta manna a ginshiƙin rumfarta. Shafin mujalla ne mai launi. Wata doguwar yarinya tsaye a goshin jirgi, ta ɗaura shuɗiyar atamfa mai zanen kifi, ɗankwali ya tashi sama. A ƙasa an rubuta da Turanci wai wannan ce atamfar macen zamani.

"Jama'a ku zo ku ji!" in ji Rahamatu tana tafa hannu. "Bagungiya ta ce ita anka buga cikin mujalla!"

Mata suka taru. Masu kifi suka bar kwandunansu.

"Ɗiyata, duba da kyau. Wagga fuska tata sumul kamar ƙwai, ga ta ja. Taki fa? An yi kunyoyi an manta ba a shuka ba."

Aka kwashe da dariya.

"Ga tsamiyar ƙofar gidanmu nan a bayana," in ji Tamada. "Ga jirgin Yaya Cindo, ga facin da ya yi mishi da gwangwani."

"To je ki tsamo tsamiyar ta zo ta yi miki shaida."

Dariyar ta fi ta farko. Kowa ya san gungunmu, tsibirin da aka haife mu, na ƙarƙashin ruwa tun da aka toshe kogin Kwara a Kainji.

Ta juyo wurina. "Yaya Yusha'u, kana wurin. Gaya musu."

"Ita ce," na ce. Ni kaina da ƙyar na ji.

Rahamatu ta dube ni daga takalmi zuwa kumatu. "Ga wani mai kunyoyin. Shi wanga har da wandon 'yan boko."

Tamada ta fizge takardar daga ginshiƙin. Rahamatu ta ɗauke ta da mari. Ban ga lokacin da ƙanwata ta haye teburin ba, sai dai na ga turamen atamfa suna zubewa cikin taɓo, ita kuma ta kafa haƙora a damtsen matar. Rahamatu ta kurma ihu. 'Ya'yanta mata biyu suka fito daga bayan rumfa, ɗaya da sandar awon yadi. Ta sauke wa Tamada ita a gadon baya sau uku, na huɗun ya samu baki. Leɓe ya fashe. Da na shiga tsakani aka tsinka mini sandar a kunne, na ji duniya ta yi ɗif. Na kama Tamada ta ƙugu na ja ta a ƙasa har bakin mashaya, tana harbin iska, mata na jifan mu da ruɓaɓɓiyar albasa.

A cikin jirgi ta buɗe hannunta. Takardar na ciki, a dunƙule. Ta shimfiɗa ta a cinya tana lallashin ta da yatsa, jinin leɓenta na ɗiga a gefe.

"Yaya, ina tsagata ta tafi?"

"Ban sani ba."

Na sani.

Bara ne, kafin ruwa ya hau. Na gama sakandare a Sakkwato na dawo gida ba aiki, ina taya Inna ban ruwan albasa. Wata safiya jirgi mai inji ya tsaya a gungunmu. Bature ne da kyamara a wuya, da wata tela daga Kaduna, da akwatuna cike da atamfa. Wata masaƙa ce ta aiko su. Suna son hoton sabon zanensu a bakin gulbi, a wurin da aka ce ya kusa nutsewa. Da yake ni kaɗai ke jin Turanci, sai na zama tafinta.

Aka jera 'yan matan gungu a kan yashi. Telar ta bi su da igiyar awo, ƙirji, ƙugu, kwankwaso. Wannan ta yi gajarta. Wannan ta yi ƙiba. Barakatu, wadda samari uku suka taɓa fasa wa juna kai a kanta, ko auna ta ba a yi ba. Ta koma gefe tana zagin uwar telar da Gunganci.

Tamada ba ta shiga layin ba. Tana nesa tana wanke tukunya. A gungunmu mace sai da jiki, ita kuwa doguwa ce siririya, wuya zalau. Sandar Tuƙi ake ce mata tun tana ƙarama. A dandali ba wanda ke kiran ta. Inna ta ɗura mata kunu da man shanu har ta gaji.

Bature ya nuna ta da yatsa.

"Mi yac ce?" ta tambaye ni.

"Ya ce ke ce kyakkyawar."

Ta waiga bayanta ta ga ko da wata.

Wuni guda aka yi. Telar ta naɗa mata atamfa ta ɗame bayan da allurai har ba ta iya sunkuyawa. Aka shafa mata hoda da jan-baki. Aka tsayar da ita a goshin jirgin Cindo, yayanmu, shi yana cikin ruwa zuwa ƙirji yana riƙe da jirgin kada ya motsa. Telar ta riƙe wani faranti mai ƙyalli tana jefa mata rana a ido. Shanye ciki. Ɗauke numfashi. Sauke kafaɗa. Kar ki yi dariya. Ni ke juya mata maganar. Hawaye na zuba saboda hasken, ana gogewa, ana ƙara hoda. Ba ta ce ta gaji ba ko sau ɗaya.

Can Baturen ya sauke kyamara ya matso kusa da fuskarta. Tsagar gidanmu uku ce a kowane kunci, daga gefen baki zuwa kunne. Ya bi su da ido. Ya ce da ni matan birni ba za su sayi zanen ba in sun ga wannan. Ya ce a ɗakin wankin hoto akwai mai ɗan buroshi da zai share su, ya kuma ɗan haska fatar. Amma fuskarta ce, in ji shi, in tambaye ta ko ta yarda.

Shekara biyar na yi a makaranta ana tambayata ko da mage na kwana. Shekara biyar ina zama a kujerar baya da tafin hannu a kunci. Ranar hoton aji na ce zazzaɓi nake yi.

"Mi yac ce, Yaya?"

"Ya ce ki ɗaga haɓa."

Ta ɗaga. Na juya na ce da shi ta yarda. Ya kawo takarda ta dangwala yatsa, ya bar mini kwafi. Aka ba ta atamfar ta zama tata. Ta kwanta da ita a ƙarƙashin kai wata da watanni.

Daga baya motoci da jirage suka kwashe mu zuwa sabon gari a gaɓar tafki, gidajen siminti a jere kamar an ƙera su rana ɗaya. Ruwa ya haye gonakin albasa, ya haye kushewar Baba. Tamada ba ta yi kuka da yawa ba. Kullum tana cewa hotonta na nan tafe.

To ga shi ya zo.

Da muka isa gida Inna ta ga leɓen ta saki muciya. Cindo na gyaran komar kamun kifi a gindin bango. Shi ba mai magana ba ne, hannunsa ya fi bakinsa sauri. Ya karɓi takardar ya daɗe yana kallo.

"Jirgina ne," ya ce. "Tsamiyarmu ce. Wagga kuwa ban san ta ba."

"Ni ce, Yaya Cindo. Kai ka riƙe jirgin."

"Na riƙe wa ɗiyar ubanmu Mati. Wagga ba ta da uba." Ya jefa mata takardar. "Sa'ad da Baba ya nutse, kwana uku ya yi a ruwa. Kifi ya ci hanci, ya ci idanu. Mutanen ƙauyuka huɗu sunka zo dubawa. Da mi munka gane shi?"

Ya shafa kuncinsa da babban yatsa ya koma kan komarsa.

Labarin kasuwa ya riga mu zuwa rijiya. Barakatu ta samu abin da take jira tun bara. In Tamada ta zo ɗiban ruwa sai ta ɗaga haɓa ta shanye ciki, ta ce, "Ku ba macen zamani hanya. Ashe ko Baturen sai da ya yi miki shara kafin ya iya nuna ki." Sauran su tuntsire.

Tamada ta daina zuwa rijiya. Ta samu ɗan madubin Inna. Takarda a hagu, madubi a dama, haka take wuni a bayan ɗaki. Wata rana na same ta tana dirzar kunci da dutsen goge kaushi har ya yi ja yana ruwa. Na ƙwace dutsen.

"Ba ta fita da haka," na ce.

"Da mi take fita? Kai ka yi karatu."

"Ba ta fita."

"Su da mi sunka fid da ita?"

"Hoto suka gyara, ba ke ba."

"To ni ce ban gyaru ba ke nan."

Da na faɗa mata gaskiya a ranar, da watakila ni za ta tsana ba fuskarta ba. Na sa dutsen a aljihu na wuce.

A gungu Inna da toka take yin sabulu. A sabon gari ba karan da za a ƙona, sai ta koma sayen soda a Yelwa, farin gari mai cin hannu. Wata biyu kafin nan ya taɓa zubar mata a bayan yatsa. Fatar ta saɓule, ta warke, sabuwa ta fito ja, sumul. Na tuna Tamada ta riƙe yatsan tana juya shi a rana. A lokacin na ɗauka tausayi ne.

Ranar Laraba da hantsi Inna ta tafi gona, Cindo na mashaya, ni ina zaure ina rubuta takardar neman aiki a madatsar Kainji. Sai na ji wata ƙara. Ban ɗauka mutum ba ne. Na ɗauka akuya ce kare ya kama.

Na same ta a bayan ɗaki tana birgima a ƙasa. Ta dama sodar a ƙoƙo, ta bi tsagar da tsinke, layi uku a dama, layi uku a hagu, ta kuma ɗaure da tsumma don ta kama da kyau. Ta daure har ta kasa. Da na fizge tsumman, fata ta biyo shi. Naman ya yi fari yana kumfa. Tana yaƙushin wurin da farce, tana shafa abin zuwa ido da wuya. Na danne hannayenta da gwiwa na tuntsurar da randa a kanta. Ta cije ni a tsintsiyar hannu har ƙashi. Ban saki ba. Na ja ta zuwa tafki na tura kanta cikin ruwa, na ɗago, na sake turawa, tana shaƙewa tana kiran Inna.

Cindo ya iso da gudu. Bai tambayi komai ba. Ya saɓa ta a kafaɗa ya sa a jirgi. Mu biyu muka tuƙa har Yelwa. A asibiti aka naɗe mata kai duka, aka bar ido ɗaya da baki. Aka ce idon hagu sai abin da Allah ya yi. Inna ta zo ta zauna da ita.

Washegari ni da Cindo muka kamo hanyar gida. Da muka yi nisa sai na ga ya karkata jirgi tsakiyar tafki. Ya tsaya inda 'yan busassun rassa suka leƙo daga ruwa. Kan tsamiyarmu ne. Ya ɗaure jirgin a reshe.

"Takardar da Baturen ya bari tana wurinka?"

"Tana akwatina."

"Akwai sunan garinsu ciki?"

"Akwai."

"Gobe za ka kai ni. Kai ka karanta hanya, ni in yi sauran." Ya zaro wuƙar gyaran kifi daga ƙugu ya gwada ta a farce. "Mutum ya ci tuwon Inna, ya shiga jirgina, ya sace wa yarinya fuska ko sallama babu."

"Ya yi sallama."

Ya ɗago kai.

"Ya tambaya. Ya ce in tambaye ta. Ban tambaye ta ba. Ni na ce mishi ta yarda."

Ruwa na bugun cikin jirgi. Cindo ya ajiye wuƙar a hankali, kamar zai yi alwala.

"Sake faɗi, ɗan makaranta."

"Ni na ce a share."

Filafilin tuƙin da ya ɗauka ya same ni a baki. Na ji haƙora biyu sun faɗo kan harshena. Na biyu ya sauka a haƙarƙari, na uku a kafaɗa. Na faɗa cikin ruwan da ya taru a ƙasan jirgi, da ƙayar kifi da ɓawo. Ban kare ba. Ya kama ni ta ƙeya ya ja ni bakin jirgin ya cusa kaina cikin tafki.

Na buɗe ido. Kore ne, sannan baƙi. Rassan tsamiya na gangarawa ƙasa inda ba a gani.

Ya ɗago ni. "Ka ga gidanmu? Ka gaida Baba?" Ya sake cusawa. Wannan karon ya daɗe. Na sha ruwa, ƙirjina ya kama wuta, ƙafafuna suka fara harbin katako da kansu.

Ya wurgo ni cikin jirgi ya hau ruwan cikina. Gwiwa ɗaya a wuyana. Ya ɗauki wuƙar.

"Albasar Inna ta kai ka Sakkwato. Kifina ya ɗinka maka wando. Ashe abin da ka koyo ke nan, ka ji kunyar fuskar ubanka." Numfashinsa na warin goro. "Ba ka son taka ko? Tsaya in share maka. Ni ma ina da buroshi."

Ya kafa bakin wuƙar a gefen bakina ya ja ta kan tsaga ta farko har kunne. Ban ji zafi nan take ba, sai sanyi, sai ɗumi yana cika mini kunne. Ya kwantar da wuƙar zai fere, yadda ake cire ɓawon kifin ƙarfasa. Na ji tana shiga ƙarƙashin fata.

Sai ya tsaya. Yana kallon kuncina, ban san me ya gani ba. Mutane na cewa duk cikinmu ni na fi ɗauko Baba.

Ya miƙe ya jefa wuƙar cikin ruwa. Ya cire rigarsa ya dunƙule ya danna mini a fuska da ƙarfi har na yi ƙara.

"Riƙe, ɗan banza. Riƙe kada ka mutu mini a jirgi."

Wanzamin garinmu ne ya ɗinke ni. Ya tambayi abin da ya faru, Cindo ya ce ƙugiya ce. Wanzamin ya dubi yankan, ya dube shi, bai ƙara tambaya ba. Shi ya yi mana tsaga mu duka ukun ranar suna.

Tamada ta yi kwana ashirin da uku a asibiti. Idon hagu bai dawo ba. Ranar da aka sallamo ta da sauran bandeji, aka ce a kwance shi bayan kwana biyu a bar wurin ya sha iska. Kafin ta iso Inna ta ɗauki madubin ta sa a turmi ta daka shi. Ta rufe randa da faifai. Ta hana a kawo tasa mai ƙyalli cikin gida.

Cindo bai gaya mata abin da na faɗa a tafki ba. Ni ma ban gaya mata ba. Ta ga ɗinkin kuncina ta ce, "Yaya, kai ma?" Na ce ƙugiya ce.

Ranar kwancewa da safe muna tsakar gida mu huɗu. Inna ta jiƙa bandejin da ruwan ɗumi tana warwarewa a hankali. Zagaye na ƙarshe ya manne, sai da ta ja.

Tsagar ba ta nan. Kuncin ma ba ya nan yadda muka san shi. Fata ta tattare ta yi ja da fari da baƙi, ta janye gefen baki sama har haƙori na leƙowa. Fatar idon hagu ta manne da kunci.

Inna ta sunkuya tana naɗe bandejin da ba za a sake amfani da shi ba. Cindo ya juya ya fuskanci bango. Ni na kasa kau da kai.

Tamada ta taɓa wurin da yatsu. "Ban ji layukan ba," ta ce. Maganar na fita a karkace. "Inna, ina madubi?"

"Ya fashe, ɗiyata."

Ta kwance bakin zanenta. Takardar na ciki, ta yi laushi don ninki, da ɗigon jinin kasuwa a gefe. Ta warware ta a hankali, ta ɗaga ta kusa da kuncinta, ta juyo mana da fuskokin biyu. Ta shanye ciki. Ta sauke kafaɗa. Ta ɗaga haɓa yadda na gaya mata.

Ta dubi Inna, Inna ba ta ɗago ba. Ta dubi bayan Cindo. Sannan idon nan ɗaya ya tsaya a kaina.

"Yaya Yusha'u, kai ba ka yi mini ƙarya. Yanzu na yi kama da ita?"